Noman alkama a ƙasashen zafi: abin da binciken ƙwayoyin gado zai iya yi, da abin da ba zai iya ba

Tun bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a watan Fabrairun 2022, gwamnatoci da dama daga yankin Tafkin Chadi zuwa gaɓar Kogin Nilu suka shiga yi wa jama'arsu alkawarin noma alkama a gida. Dalilin a fili yake. Ƙasashen biyu ne ke fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na alkamar da ake sayarwa a kasuwar duniya, kuma cikin 'yan makonni farashin ton ɗaya ya haura yuro 400 a kasuwar Turai. A Kamaru, sandar burodi ta tashi daga sefa 125 zuwa 150 a watan Maris na shekarar. Sudan kuwa ta riga ta san inda tsadar burodi kan kai ƙasa: ninka kuɗinsa sau uku ne ya tayar da zanga-zangar birnin Atbara a Disambar 2018, wadda ta ƙare da faɗuwar gwamnatin Umar al-Bashir a watan Afrilun 2019.

An kuwa fitar da kuɗi. Kamaru ta ware wa cibiyar binciken noma ta IRAD sefa biliyan 10.3 domin alkama a 2022. Bankin Raya Afirka ya buɗe asusun gaggawa na dalar Amurka biliyan 1.5 don samar da iri da taki. Najeriya ta maida jihar Jigawa cibiyar shirinta na alkamar rani tun daga ƙarshen 2023. A kusan duk jawabin ƙaddamar da irin waɗannan shirye-shirye akan ji kalma guda: "iri mai jure zafi".

Mene ne ainihin abin da wannan iri ke jurewa, kuma ina juriyar tasa ta tsaya? Amsar tana cikin wata ɗaya kacal na rayuwar alkama, wato kwanakin da ƙwaya ke cika. A cikin shekaru 20 da suka wuce masana sun gano da yawa daga ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da wannan wata. Abin da suka gano yana ba da fata, amma yana kuma nuna cewa iri kaɗai ba zai fid da ƙasashen Sahel daga sayen alkamar waje ba.

Yadda ƙwaya ke cika

Alkama takan yi ciki, ta fid da kai, ta yi fure, sannan ƙwaya ta fara ginuwa. Ginin yana da hawa uku. A makonni biyun farko, ƙwayar tana raba cikinta zuwa dubban ƙananan ɗakuna, waɗanda masana ke kira sel. Yawan ɗakunan da aka gina a wannan lokaci shi ke yanke iyakar girman da ƙwaya za ta iya kaiwa, kamar yadda faɗin rumbu ke yanke yawan daman da zai ci. A hawa na biyu, wanda kan ɗauki makonni uku ko fiye, ganye da kara suna tura sukari zuwa kai, ƙwaya kuma tana juya shi zuwa sitaci tana cika ɗakunan. Sitaci shi ne kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙwaya. Furotin, wanda ke sa kwaɓi ya yi danƙo burodi ya tashi, yakan kai kashi 10 zuwa 14 cikin 100. A hawa na uku ƙwaya ta bushe, aiki ya ƙare.

Zafi yana bugun alkama ta fuska uku. Idan ya haura digiri 30 a lokacin da take ciki ko fure, garin furen yakan mutu, sai a samu kai mai kyawun gani amma gurabe da yawa babu ƙwaya. Idan ya zo lokacin cikar ƙwaya, yakan gurgunta sinadarin da ke ƙulla sukari ya zama sitaci, domin wannan sinadari na alkama ba ya son zafi. Na uku kuma, zafi yana sa tsiron gaggawa: ganye ya yi saurin tsufa, kwanakin cika su ragu, ƙwaya ta bushe tun rumbunta bai cika ba. Wannan ita ce motsattsiyar alkama marar nauyi da manomi kan gani idan ya makara da shuka, wadda buhu ke cika amma ma'auni ya ƙi tashi.

Wani babban bincike da ya haɗa ƙwararru daga ƙasashe da dama, wanda aka wallafa a 2015, ya ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri ɗaya na ɗumamar yanayi yana rage alkamar duniya da kusan kashi 6 cikin 100. Indiya ta ga hakan da idonta a 2022, lokacin da ta yi watan Maris mafi zafi cikin shekaru 122, daidai lokacin da alkamar Panjab da Haryana ke cika ƙwaya. Girbi ya ragu, gwamnati kuma ta hana fitar da alkama waje a watan Mayu, abin da ya ƙara wa farashin duniya wuta.

A Faransa alkama takan yi kusan watanni tara a gona, ta cika ƙwaya sannu a hankali cikin yanayi mai sauƙi, a samu kimanin ton 7 a hekta. A Konni, Haɗeja ko Bol, dukan rayuwarta kwana 90 ne zuwa 100, kuma mafakarta ɗaya ita ce hunturu. Wanda ya shuka a tsakiyar Nuwamba, alkamarsa za ta yi fure a tsakiyar Janairu, ta cika ƙwaya cikin sanyi. Wanda ya kai ƙarshen Disamba, tasa za ta yi fure a ƙarshen Fabrairu, ta shiga cika a watan Maris, lokacin da zafin rana kan haura digiri 36. Gona ɗaya, iri ɗaya, taki ɗaya, amma girbi ya sha bamban.

Abin da aka karanto a kundin gado

Kowace halitta tana ɗauke da rubutaccen umarni a jikinta, wanda take gada daga iyaye, kuma kowane yanki na umarnin da ke kula da wani aiki shi ake kira ƙwayar gado. Kundin alkama ya fi na ɗan Adam girma kusan sau biyar. Dalili shi ne alkamar burodi haɗuwar ciyayi uku ce da suka auri juna dubban shekaru da suka wuce a yankin Gabas ta Tsakiya, don haka yawancin ƙwayoyin gadonta suna da kwafi uku-uku. Sai a watan Agustan 2018 ne wata ƙungiyar masana ta ƙasa da ƙasa ta fitar da cikakken kundin, inda ta lissafa ƙwayoyin gado sama da dubu 107.

Tun kafin a karanta kundin, an riga an ci moriyar wasu daga cikinsu. Alkamar da ake nomawa a Sahel a yau tana iya tsayuwa ne saboda tana ɗauke da nau'in ƙwayoyin gado da ba sa jiran sanyin ƙanƙara ko doguwar rana kafin su ba tsiro izinin yin fure. Gajartar karanta kuma ta samo asali ne daga wata alkamar Japan mai suna Norin 10, wadda Norman Borlaug ya yi amfani da ita a Meziko, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1970. Gajeren kara ba ya kwanciya idan an zuba masa taki, kuma abincin da zai tafi ga kara yakan koma kai. Amma wannan gado yana da nasa haraji: tsiron da ke fitowa daga irin gajere ne, don haka ba a iya binne shi da zurfi inda danshi yake, matsalar da ta fi damun masu shuka a busasshiyar ƙasa mai zafi.

Bayan haka hankalin masana ya koma kan ƙwaya kanta. An gano wata ƙwayar gado mai suna GW2 wadda aikinta taka wa girman ƙwaya birki. A 2016 masu bincike a cibiyar John Innes da ke Ingila suka nuna cewa idan aka kashe kwafi ɗaya nata, nauyin ƙwaya kan ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Da aka kashe duka ukun, ƙarin ya kai kusan kashi 20. A 2019 kuma masana daga Japan da Jamus suka bayyana wata mai suna GNI1, wadda ke zubar da wasu furanni tun ba su zama ƙwaya ba. Idan aka rage mata ƙarfi, yawan ƙwaya a kai yakan ƙaru.

A nan ne aka ci karo da halin tsiro. A gwaje-gwajen gona da dama, alkamar da ƙwayarta ta ƙara girma ta rage yawan ƙwaya, wadda kuma ta ƙara yawa ta rage girma, sai girbin hekta ya tsaya kusan inda yake. Tsiron yana da iyakar sukarin da zai iya dafawa, kuma ko a raba tukunya ga mutum 40 ko ga 50, tuwon bai ƙaru ba. An samu waɗanda suka ɗan karya wannan ƙa'ida. A 2021 masana a kudancin ƙasar Chile suka ƙara ƙarfin wani furotin da ke sassauta bangon ɗakunan ƙwaya tun tana ƙarama, suka samu ƙarin nauyi kusan kashi 12 da ƙarin girbi kusan kashi 11 cikin 100. Sai dai an yi gwajin ne a ƙasa mai sanyi da wadatar ruwa. Babban rumbu ba ya amfanar wanda bazara ta katse wa girbi tun bai cika ƙarami ba.

Akwai kuma batun inganci. A 2006 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano ƙwayar gado mai suna NAM-B1 a jikin alkamar daji. Aikinta shi ne ta sa ganye ya tsufa da wuri, ta kwashe furotin da sinadaran zinc da ƙarfe ta kai su cikin ƙwaya, har su ƙaru da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Yawancin alkamar zamani ta rasa wannan kwafi mai aiki. Ga yankin da ƙarancin jini ya yi wa mata da yara katutu, kuma masu injin fulawa ke ƙin sayen alkamar gida da hujjar ba ta tashi, wannan gado yana da daraja. Amma shi ma yakan ɗan rage nauyin ƙwaya. A duk inda aka taɓa a jikin alkama, akwai ciniki.

Taskar da ke jikin dangin daji

Labari mafi muhimmanci ga ƙasashen zafi ya fito ne daga wata fuska. Ɗaya daga kakannin alkama uku, wata ciyawar daji mai suna Aegilops tauschii da ke fitowa daga Turkiyya da Iran har zuwa Sin, ta ba alkamar burodi ɗan ƙaramin yanki ne kawai na arzikin gadonta. Sauran yana nan a daji. Masana a cibiyar CIMMYT ta Meziko sun daɗe suna sake aurar da wannan ciyawa da alkamar taliya domin dawo da abin da aka bari a baya.

A 2023 cibiyar, tare da cibiyar Earlham ta Ingila, ta fitar da sakamakon gwaji a hamadar Sonora, inda aka makara da shuka da gangan domin alkama ta gamu da zafi. Nau'o'in da ke ɗauke da gadon dangin daji da tsofaffin irin gargajiya sun fi na zamani girbi har da kusan kashi 50 cikin 100 a cikin zafi, ba tare da sun yi asara a yanayi mai kyau ba. An kuma auna cewa jikin ganyensu ya fi sanyi da kusan digiri 2. A 2024 wani bincike kan tsofaffin irin alkama 827 da wani Bature mai suna Arthur Watkins ya tattara daga ƙasashe 32 a shekarun 1920 da 1930 ya nuna cewa alkamar zamani ta fito ne daga gida biyu kawai cikin gidaje bakwai na asali, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na bambancin gadon da ke cikin tarin ba a taɓa amfani da shi ba.

Wannan batu ya shafi yankinmu kai tsaye, domin alkama ba baƙuwa ba ce a nan. Alkaki, finkaso, gurasa da taliya sun girmi injin fulawa. Masu lambu a tsaunukan Ayar, a Timiya da Tabelot, suna noma ta lokacin sanyi da ruwan rijiya. Mutanen Kanem sun daɗe suna datse rassan Tafkin Chadi suna shuka ta a yankin Bol. Haka ma a gaɓar Komadugu Yobe. Irin da ya yi shekaru aru-aru a hannun waɗannan manoma ya sha zafin da alkamar Turai ba ta taɓa gani ba. Ba shi da yawan girbi, shi ya sa duk lokacin da aka raba sabon iri kyauta, tsohon kan ɓace daga rumbu. Idan ya ɓace ba a tattara shi an karanta gadonsa ba, babu kuɗin da zai dawo da shi.

Darasin Wad Madani

Wurin da aka fi gwada alkamar zafi a Afirka shi ne Wad Madani, hedkwatar hukumar binciken noma ta Sudan, a tsakiyar aikin ban-ruwa na Jazira. Yanki ne da Hausawa suka sani sarai, domin zuriyar mahajjata da ta waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 sun zauna a Mai Wurno da garuruwan kewaye, kuma da guminsu aka noma audugar Jazira. Sanyin wurin gajere ne ƙwarai, shi ya sa cibiyoyin duniya irin su ICARDA da CIMMYT suka riƙa aika iri can: wanda ya tsira a Wad Madani zai tsira a wurare da yawa. Jami'ar Tottori ta Japan ma ta yi shekaru tana gwada ɗaruruwan nau'o'in da ke ɗauke da gadon waccan ciyawar daji a can.

Aikin ya yi 'ya'ya. Iri irin su Imam da Zakiya sun bazu a gonakin Sudan, kuma Bankin Raya Afirka ya ce girbin ƙasar ya kai ton miliyan 1.1 a 2020. Sai yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar shekarar, ana tsakiyar noman alkama, kuma sojoji ba su ƙwato birnin ba sai Janairun 2025. A tsakanin haka an wawashe cibiyar bincike da taskar adana iri ta ƙasa, ma'aikata sun watse. Wani ɓangare na irin da aka ceto an kai shi babbar taskar Svalbard da ke arewacin Norway. Irin haka ta faru da ICARDA a Halab ta Siriya, har ta zama ta farko da ta karɓo ajiyarta daga Svalbard a 2015 domin sake kafa taska a Labanan da Maroko. A Najeriya ma, cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ke da alhakin alkama kuma ta fitar da iri irin su Norman da Reyna-28, ta yi shekaru tana aiki cikin rikicin Boko Haram.

Fitar da sabon iri yakan ci shekaru 8 zuwa 12. Ana iya gano ƙwayar gado a Norwich ko Beijing, amma sanin ko za ta yi aiki a watan Fabrairu a Sahel sai an shuka ta a Sahel, shekara bayan shekara. Wannan ne sashen da ya fi rauni, kuma shi ne ba a cika ambata ba ranar ƙaddamar da shiri.

Irin da aka sauya wa gado: a yi hattara da ɗoki, a yi hattara da tsoro

Alkama ta farko da aka sa wa ƙwayar gadon wani tsiro kuma ta shiga kasuwa ita ce HB4 ta kamfanin Bioceres na Ajantina. An ɗauko gadon daga furen sunflower, bisa binciken Raquel Chan, kuma yana jinkirta tsufan ganye idan fari ya zo. Ajantina ta amince da ita a 2020, Brazil ta ba da izinin nomanta a 2023. Hukumar kula da lafiyar fasahar halittu ta Najeriya ta amince a shigo da ita domin abinci a Yulin 2022, ba domin shuka ba. Tun da fulawar Najeriya da kayan da ake yi da ita suna tsallaka iyaka zuwa Maraɗi, Garwa da Njamena, batun ya shafi maƙwabta ko ba su sa hannu a wata takarda ba. Masu adawa suna nuna cewa irin yana kuma jure wani maganin kashe ciyawa, abin da zai iya ƙara yawan feshi.

Abin lura ga manomi shi ne an ƙera HB4 domin gonakin da ke dogara da ruwan sama a Ajantina, inda fari ne babban abokin gaba. Alkamar Sahel ta ban-ruwa ce, kuma zafi ne ke kashe ta. Maganin ciwon wani ba lalle ya zama maganin naka ba. Burkina Faso ta koyi wannan darasi da audugar Bt, wadda ta rungume a 2008 ta kuma watsar a 2016: gadon ya kashe tsutsa kamar yadda aka yi alkawari, amma zaren ya gajarta, darajar audugar ƙasar ta faɗi a kasuwa.

Akwai sabuwar hanya da ake gyara harafin gadon tsiro ba tare da an sa masa na wani ba. Sin ta amince da alkamar farko ta wannan hanya a Mayun 2024, mai jure wata cutar ganye, kuma Najeriya ta fitar da ƙa'idojin fasahar tun Disambar 2020. Amma jure zafi ba aikin ƙwayar gado ɗaya ba ne. Ɗaruruwa ne, kowacce da ɗan nata ƙaramin taimako. Hanyar da ta fi kusa da aljihun cibiyoyi irin su INRAN a Nijar, ITRAD a Chadi da IRAD a Kamaru ita ce aure na gargajiya tsakanin iri biyu, sannan a gwada ɗan guntun ganye a ɗakin bincike domin sanin wane tsiro ne ya gaji abin da ake so. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka, kuma yana rage shekarun jira.

Abin da ba ya cikin kundin gado

Alkamar da ganyenta ya fi sanyi da digiri 2 tana samun sanyin ne ta hanyar zuƙo ruwa da saiwa tana fitar da shi ta ganye, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa. Ma'ana, juriyar zafi da ruwa ake biyanta. Hekta ɗaya na alkama tana buƙatar ruwa kubik mita 4,500 zuwa 6,500 a kaka guda, kuma ban-ruwan da aka tsallake lokacin fure saboda tsadar mai ko lalacewar famfo ba ya ramuwa.

Tarihi ya riga ya nuna haka. Kamaru ta kafa kamfanin SODEBLE a Wassande ta jihar Adamawa a 1975, amma girbi bai taɓa kai abin da aka tsara ba, kamfanin ya durƙushe a shekarun 1980. Najeriya ta hana shigo da alkama a 1987, ta janye haramcin a farkon shekarun 1990 bayan fasa-ƙwauri ya cika kasuwa, babban aikin ban-ruwa na kudancin Tafkin Chadi kuma ya tsaya da tafkin ya ja baya ya bar magudanan a bushe. Tun a 1985 masana biyu 'yan Sweden, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka kira lamarin tarkon alkama a wani littafi da suka rubuta kan Najeriya. Bayan shekaru 36, hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta auna girbin 2021 ta samu kusan ton dubu 37, a ƙasar da ke shigo da sama da ton miliyan 4 a shekara. Kamaru kuma tana shigo da kusan ton dubu 900. Ko sabon iri ya ninka girbi, giɓin zai ci gaba da zama babba.

Manomi ma yana da nasa lissafi. Filin da ruwan da za su ba shi alkama su ne za su ba shi albasa a Galmi ko tattasai a Diffa. Idan babu tabbacin mai saye da farashi tun kafin shuka, babu dalilin da zai sa ya sauya. Kuma sau da yawa ba shi ya zaɓi makara ba: shinkafar damina ba ta bar gona da wuri ba, ko kuma iri da takin tallafi sun iso a ƙarshen Disamba. A kwarin Kogin Senegal, masanin ICARDA Filippo Bassi ya fara ne daga wannan matsala, ya nemo alkamar taliya mai nuna cikin kwana 92 domin ta shiga tsakanin shinkafa biyu, aikin da ya samu lambar yabo a 2017. Kalanda ya fara dubawa, sannan ya nemi gadon da ya dace da ita.

Inda ya kamata kuɗi su tafi

Abu uku suka fito fili. Na farko, ƙasashen yankin suna da yanayi iri ɗaya, don haka babu dalilin da zai sa kowacce ta yi gwajinta ita kaɗai. Filin gwaji a Konni, Kadawa, Bol da Marwa, da ke shuka nau'o'i iri ɗaya a ranaku iri ɗaya, zai maye wani ɓangare na abin da aka rasa a Wad Madani. Dokar iri ta bai ɗaya da ƙungiyoyin CEDEAO, UEMOA da CILSS suka amince da ita ta ba da damar irin da aka yi wa rajista a ƙasa ɗaya ya shiga sauran. Nijar ta fice daga CEDEAO, amma tana cikin sauran biyun, Chadi ma tana cikin CILSS.

Na biyu, a tattara tsofaffin irin Ayar, Kanem da Yobe, a karanta gadonsu, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, da sunan al'ummomin da suka riƙe su. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma yaƙin Sudan ya nuna abin da ke faruwa da taskar da ke ɗaki ɗaya.

Na uku, a faɗa wa jama'a gaskiya game da iyakar abin. Alkamar gida tana iya rage kuɗin shigo da kaya, ta ba manomin rani abin shukawa na uku, ta wadatar da masu gurasa da taliya. Ba za ta maye jiragen ruwan da ke sauke kaya a Duwala, Kwatano da Legas nan kusa ba. Gaurayen fulawa da garin rogo, dawa ko wake, wanda aka daɗe ana magana a kai, na iya rage buƙatar fiye da abin da sababbin hektoci dubu da yawa za su ƙara.

Binciken ƙwayoyin gado yana iya saya wa alkama digiri ɗaya ko biyu, da 'yan kwanaki kafin bazara ta rufe ƙofa. A yankin da dukan girbi ke rataye a kan wata ɗaya, wannan riba ce ta gaske. Amma shirin da ya kai wa manomi iri mafi kyau a duniya ranar 25 ga Disamba ya riga ya zubar da ita. Don haka duk lokacin da aka sanar da sabon shirin alkama, akwai tambayoyi uku da manoma da 'yan jarida ya kamata su yi kafin tafi: a ina aka gwada wannan iri kuma shekara nawa, wa zai biya kuɗin ruwa har zuwa ƙarshen Fabrairu, sannan buhun zai iso gona kafin tsakiyar Nuwamba?